Neman Littafin Famfon Dagumawa

Shekarata ashirin da bakwai ina gyaran injin ban ruwa a Wudil. Na rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuke shigowa sana'ar yanzu da waya a hannu. Na sha jin kuna cewa gyara ya zama wasa, wai duk abin da ya gagari mutum sai ya tambayi waya ta gaya masa. Ni ma ina tambayar waya kusan kullum. Amma tambayar ita ma aiki ce mai kayan aikinta, kuma sai da na ƙona igiya biyu a gonar mutane kafin na zauna aka koya mini ita.

Aikin farko da maigidana, marigayi Malam Ɗanlami, ya ba ni shi ne wankin kafireta. Rumfarsa tana Sabon Gari, kusa da masu facin taya. Wata huɗu ina zaune gaban wata tsohuwar tasa da fetur a ciki, ina kwance kafireta, in wanke, in hura ƙananan ramukanta da baki, in mayar. Bai bar ni na taɓa fistin ba sai da na iya haɗa kafireta ba tare da noti ko ɗaya ya yi saura a tasa ba. Kayan aikinmu ba su da yawa: sifana mai lamba goma, sha biyu, sha huɗu da sha bakwai, sukudireba biyu, filaya, magagari, da wata guduma ta katako da shi ya sassaƙa. Daga ni har shi babu wanda ya iya karatun boko. Sifana da nauyinta muke gane ta. Ciwon inji kuwa da kunne. Malam Ɗanlami yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji yana aiki, ya kara ƙotar a kunnensa, ya saurara, sannan ya ce, "Ringi ne," ko "Bawul ne." Da wuya ya kuskure.

Idan wani abu ya karye, sai a ƙunshe shi a tsumma, a hau mota zuwa Kano, a bi rumfa-rumfa ana gwadawa da ido har a sami ɗan'uwansa. Injunan ma ba da sunan kamfani muke kiransu ba. Akwai jan kai, akwai mai tulu, akwai wanda muke ce wa sarkin surutu. Haka muka yi shekaru, kuma aiki yana tafiya.

Wani manomin albasa daga Lajawa ya taɓa kawo inji inci uku, ba ya jan ruwa. Ni na gyara, na canza sil, wato zoben da ke hana ruwa fita ta wajen shaf, sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin famfo. Bayan kwana biyu mutumin ya zo kasuwa, ya tsaya gaishe da maigida, ya ce inji yana aiki lafiya lau, sai dai ɗan ɗigo kaɗan a ƙasa. Bai kawo ƙara ba. Amma Malam Ɗanlami ya sa na hau keke na je Lajawa na ɗauko injin, na sake kwance shi a gabansa. Da na gama ya ce, "Usaini, idan ka mayar wa mutum inji yana ɗiga, kada ka ce a wurina ka koya." Na riƙe wannan magana. Duk wanda ya fito daga rumfunan garin nan haka ya riƙe ta. A wurinmu ɗigo abin kunya ne. Kuma a kan ƙananan injuna masu sil gaskiya ce, domin sil ɗin da ya fara ɗiga ya mutu.

Masu kawo gyara iri-iri ne, za ku gan su. Akwai wanda zai rantse jiya-jiya inji lafiyarsa ƙalau, ka buɗe ka tarar bai ga baƙin mai ba tun bara. Akwai wanda sai ya kwance da kansa ya kasa, sannan ya zo da notuna a cikin hula. Kuma kusan kowane manomi yana shafa wa injinsa fenti don ya gane abinsa idan an sace. Wanda ya saya a hannunsa shi ma ya shafa nasa a kai. Ba ruwansu da lambar da ke jikin ƙarfe, duk sai su binne ta.

Ina da shekara arba'in da huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Dalilin mai sauƙi ne. Sababbin injuna sun fara zuwa da takardu, masu kaya a Kano sun koma turo saƙo a rubuce, ni kuma sai na nemi mai karanta mini. Ana yin ajin bayan la'asar, kwana uku a mako. Malaminmu Malam Bello ne, ma'aikaci a ɗakin karatu na jami'ar da ke garin nan, yana koyar da mu don Allah idan ya tashi daga aiki. A shekara biyu na iya karanta Hausa da rubuta ta, na kuma iya gane kalmomin Turanci da suka shafi sana'ata. Waya mai shafawa na saya a shekara ta biyu.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya ita ce mafi muni a aikina. Ruwa ya cinye shinkafar fadama, ya binne injuna da yawa a laka. Wata biyu ina wanke laka daga cikin injuna, wasu su tashi, wasu sai dai a sayar wa masu gwangwan. Mutane ba su sami komai a damina ba, don haka kowa ya sa ransa a noman rani.

A cikinsu akwai Idi, ɗan kawuna, manomi a Dagumawa. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba a yi tsiya ba. Tun da na shiga aji ya daina kirana Usaini, sai Furofesa. Shi da maƙwabtansa biyar gonakinsu suna da nisa da bakin ruwa, ƙaramin inji ba ya kai musu. Sai suka haɗa kai suka sayo wani tsohon inji mai shan gas da famfonsa inci shida, a hannun wani da ya bar noma. Suka dasa tumatir. Mako biyu da dashe, famfon ya fara tsiyayar da ruwa ta wajen shaf kamar an buɗe buta, ƙarfin jansa ya ragu. Idi ya kira ni.

Da na buɗe ban ga sil ba. Abin da na gani wata igiya ce mai maiƙo da aka cusa kewaye da shaf, da wani ƙarfe mai noti biyu yana danne ta. Masu sayar da kayan rijiyar burtsatse suna ce mata fakin. Na taɓa ganin irinta, amma ban taɓa aikinta ba. Na sayo sabuwa, na naɗa ta a shaf kamar yadda ake naɗa zare, na ɗaure notunan sai da ɗigo ya ɗauke gaba ɗaya. Muka tayar. Ruwa ya tafi, Idi ya ce, "Kai, ashe bokon yana da rana." Ba a yi awa guda ba hayaƙi ya fara fita, da wari irin na tsumman da ya kama wuta. Igiyar ta ƙone ƙurmus.

Washegari na sake sayo wata. Na ce maiƙo ne ya yi kaɗan, na cika ta da giris, na ƙara ɗaurewa fiye da jiya. Wannan ko rabin awa ba ta yi ba. Da na zaro ta na shafa shaf da farce, sai na ji ya yi zane, ƙarfen ya fara cinyewa. Na kira mai injin sassaƙa ƙarfe a Kano, ya ce idan shaf ya lalace sai ya yi kwana goma kafin ya yi mini wani. Tumatir ɗin kuwa kwanansa uku ba ruwa. Suna ɗebo jarkoki a amalanke, amma abin da suke kawowa bai wuce fangali biyu ko uku ba. Ganye ya fara langaɓewa tun hantsi. Idan na ƙona igiya ta uku, shaf ya tafi, kuma gonaki shida sun tafi tare da shi.

Na zauna a gindin mangwaro da rana tsaka na ciro waya. Na rubuta da Hausa, famfo yana ƙona igiya. Aka kawo mini labarin gobara da hotunan famfon wanka. Sai na ɗauki wuƙa da kananzir na dinga kankare jikin famfon. Fenti uku na wuce, kore, ja, da shuɗi, kafin na tarar da haruffa biyu da lambobi huɗu da aka zuba tare da ƙarfen. Na rubuta su. Aka kawo mini taya, takalmi, wata waya, har da gidan haya a wata ƙasa. Na buɗe shafi ya fi goma. Data ta ƙare, ban sami komai ba.

Idi yana tsaye a kaina. Ya ce, "Furofesa, me ta ce? Ko ita ma ba ta kai wannan ajin ba?"

Na ce, "Ta ce mai gonar ne ya yi tsufa, a canza shi."

Ya yi dariya, amma idonsa yana kan tumatir.

Ranar akwai aji. Na isa kafin kowa, na tarar da Malam Bello yana goge allo. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da aiki da gajiya, na tambayi nasa. Sannan na gaya masa abin da ke tafe da ni, na nuna masa lambar da na rubuta a bayan kwalin ashana.

Ya ce, "Malam Usaini, ni ban san famfo ba, ko a ina ake zuba masa mai ban sani ba. Amma na san yadda ake tambaya. Ka shiga kasuwa ne ka tsaya a tsakiya ka ɗaga murya, kowa ya miƙo maka abin da yake sayarwa. Zauna."

Ya ba sauran ɗalibai aikin rubutu, ya jona wayata da datarsa. Ya nuna mini cewa a shafin bincike, bayan akwatin nan guda da kowa ya sani, akwai wani shafi a cikin saiti, na bincike mai zurfi. Shi akwatuna ne jere, kowanne da aikinsa. Ya ce ni zan danna da hannuna, shi faɗa kawai zai yi.

Akwati na farko na kalmomin da kake so duk su fito ne. Na rubuta sunan famfo da Turanci. Na biyu na abin da kake so ya fito daidai yadda ka rubuta shi, ba a raba ba, ba a juya ba. Nan na sa lambar. Ya ce idan ina sauri ba sai na zo wannan shafi ba, in sa lambar tsakanin alamun zance, waɗannan 'yan ƙahoni biyu na sama, aikinsu ɗaya. Na danna. Taya da takalmi suka ɓace. Saura famfuna, amma duk na masu talla, kowa da farashinsa.

"Yanzu me ba ka so?" in ji shi.

"Ba saye na zo yi ba."

Ya nuna mini akwatin kalmomin da ba ka so su fito. Ya faɗa mini kalmomin Turanci na saye da farashi da rangwame, na rubuta su harafi-harafi. Ya ce a akwatin yau da kullum alamar ɗebewa ake sawa a gaban kalma, a manne da ita. 'Yan talla suka ragu sosai. Ya karɓi wayar ya duba abin da ya rage ya ce, "To, ga shi nan, na ga famfo." Na karɓa na duba hoton. Dogo ne siriri kamar tabarya.

Na ce, "Malam, wannan na cikin rijiya ne, wanda ake zurawa ƙasa. Namu mai ciki ne kamar katantanwa, a kan tudu yake zama."

"Ka gani? Da ni kaɗai ne, da na tura ka da wannan," in ji shi.

Muka nemo sunan irin na rijiyar, muka zuba shi a akwatin waɗanda ba a so. Daga nan ya gangara ƙasa ya nuna mini wurin zaɓar irin takarda. Ya ce littattafan da kamfanoni ke bugawa na yadda ake kula da inji yawanci PDF ne, in zaɓi wannan. Sai ya sa hannu da kansa ya zaɓi harshen Turanci. Ya kuma taɓa wani wuri da sauri, ban ga abin da ya yi ba. Na danna. Shafin ya fito fari fat, babu ko ɗaya.

Malam Bello ya cire tabarau ya goge. Ya ce mai yiwuwa ba a taɓa ɗora littafin ba. Na ce ya koma baya ya nuna mini kowane akwati, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake bin inji idan ya ƙi tashi. Muka bi. Da muka zo na kusa da ƙarshe na ce, "Wannan fa, me ka sa?"

"Lokaci ne. Na ce a kawo na shekarar nan kawai. Haka nake sa wa ɗalibai, malamansu ba sa son tsohon abu."

"Malam, injin nan ya girmi babbar 'yata, kuma ta yi aure."

Ya yi salati, ya yi dariya har ɗaliban suka ɗago kai. Na mayar da shi kowane lokaci. Abu uku suka fito. Na biyun tsohon littafi ne da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi, har da tabon mai a gefe. Kafin in karanta ko kalma ɗaya na gane shi. Ga cikin katantanwar, ga shaf, ga ƙarfen nan mai noti biyu. A zanen igiyar ba a naɗe take ba, zobba ne guda biyar, kowanne daban.

Malam Bello ya karanta Turancin yana mayar mini da Hausa. A yanka kowane zobe shi kaɗai. Kada bakin wani ya zo saitin bakin wani. A ɗaure noti da yatsu kawai. Sai ya tsaya, ya ce, "Ya ce dole ne ya ɗiga."

"Sake karantawa."

"Dole ya riƙa ɗiga. Ruwan ne yake sanyaya igiyar. Idan ka tsayar da shi, za ta ƙone ta ci shaf." Ya nuna mini lambobin, na karanta da kaina: arba'in zuwa sittin a minti ɗaya.

Ban yarda nan take ba. Littafi ɗaya yana iya kuskure, kuma shaf ɗaya gare ni. Na ce mu cire lambar, mu sa sunan igiyar tsakanin alamun zance, mu bar sauran akwatunan yadda suke. Muka sami littafin wani kamfani daban, na wani famfo daban. Maganar ɗaya ce. Na je shagon da ke bakin ƙofar jami'a aka buga mini shafi uku.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Shafin bincike ba ya sanin abin da ke gabanka. Kai ne za ka gaya masa abin da kake so daidai, da abin da ba ka so, da irin takardar, da zamanin. Idan ba ka san aikinka ba, ba za ka san abin da za ka cire ba. Idan ya kawo maka tarkace, ƙara matsewa. Idan ya kawo fari fat, ka matse da yawa ne, koma ka sassauta akwati ɗaya, ba duka ba. Kuma kada ka kwance injin mutum a kan shaidar shafi guda.

Da sassafe na isa Dagumawa da igiya ta uku. Na goge zanen shaf da sanfefa mai laushi har farce ya daina kamawa. Na sami guntun bututu mai kaurin shaf, na naɗa igiyar a kai, na yanka zobba biyar da reza. Na cusa su ɗaya-ɗaya, ina juya bakin kowanne zuwa wani gefe. Na ɗaure notunan da yatsu. Duk masu gonakin shida suna tsaye.

Muka tayar. Ruwa ya kama hanya, amma ta wajen shaf yana zuba shar-shar, ya jiƙa mini takalmi.

Idi ya ce, "Wannan ne abin da ka je jami'a ka koyo? Ai haka ka zo ka same shi!"

"Bar shi."

"A bar shi? Ɗaure mana, Furofesa, ruwa na zuba!"

Wani dattijo a cikinsu, wanda ya san maigidana, ya ce, "Allah ya ji ƙan Ɗanlami. Da yana raye da bai ga wannan ba."

Na duba agogon waya. Da kwatar awa ta cika na juya kowane noti gefe ɗaya kacal cikin gefensa shida, na ajiye sifana. Zubar ta ragu. Bayan wata kwatar na ƙara gefe ɗaya. A karo na huɗu ta koma ɗigo. Na tsuguna na ƙirga minti guda, na sami hamsin da biyu. Na miƙe na ce na gama.

Idi ya sunkuya ya ɗauki sifana sha bakwai. "Idan hannunka ya gaji, ni zan ƙarasa."

Na tsaya tsakaninsa da famfon. Na ce, "Idi, wasa daban, wannan daban. Sau biyu na tsayar da ɗigon nan, sau biyu ka ga hayaƙi. Idan ka juya notin nan shaf zai tafi, kuma kwana goma ne. Ka ba ni zuwa azahar. Idan ya ƙone, ka faɗa wa duk Dagumawa ni ne."

Ya dube ni, ya dubi takardun da na danne da dutse, ya koma gindin mangwaro da sifanar a hannunsa.

Awa ɗaya ta wuce. Ta biyu ta wuce. Duk bayan ɗan lokaci ina ɗora tafin hannu a wurin igiyar. Aka kira azahar, muka yi alwala da ruwan da famfon ke turowa, muka yi salla a bakin gona, inji yana ta bugawa. Wajen la'asar ruwa ya shiga fangalin ƙarshe na gona ta shida.

Sai Idi ya taso. Ya tsuguna ya ɗora hannu inda nake ɗorawa, ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce, "Sanyi ƙalau." Ya tara tafinsa a ƙasa, ɗigo yana sauka a ciki. Sannan ya miƙe ya fuskanci maƙwabtansa.

"Ku ji da kyau. Duk wanda ya taɓa notin nan, ni da shi ne. Ko ɗigon ya hana shi barci."

Ya jefa sifanata a aljihun rigarsa. Na miƙa hannu, ya ce a'a, a nan za ta zauna, don ya san ni, wata rana kunya za ta kama ni in zo in ɗaure.

Fangali huɗu ne suka mutu a gonar da ta fi nisa. Sauran duk sun yi, sun ɗebi tumatir har zafi ya shigo. Sifanar tana wurin Idi har yau. Wata na saya.